An Gyara Mini Hanya

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Kwana tara ke nan ban ƙetare ƙofar gida ni kaɗai ba. Jiya Yaya ya kai ni aka cire zaren ɗinkin goshina. Likita ya ce haƙarƙarin zai haɗu da kansa, gwiwa kuma sai a hankali.

Na ɗauko allona da tsinke na soma wannan rubutu domin shi kaɗai ne abin da ba mai iya karanta mini. Shekara ashirin da makancewata, Yaya bai taɓa zama ya koyi rubutun makafi ba, wai ɗige-ɗigen suna masa kama da ƙurajen zafi. Yau na gode wa Allah da bai koya ba.

A mota ya faɗa mini abin da ke ransa. Hutun jinyata zai ƙare ranar Litinin ta uku daga yau. Ya ce, "Auta, ba zan yi miki dole ba. Idan ranar ta zo kin iya zuwa aiki da kanki kamar da, shi ke nan, na sa miki ido. Idan ba ki iya ba, zan zo da mota mu kwashe kayanki ki dawo gidana."

Gidansa yana can bayan gari inda bas ba ta zuwa. In na je can, aiki ya tafi, ɗakin nan da na yi shekara goma sha ɗaya a cikinsa ya tafi. Za a ba ni kujera a falo, a riƙa tambayata ko na ci abinci.

Na ce masa, "To, Yaya." Saura kwana goma sha takwas.

Juma'a, bayan azahar

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talatar nan ba. Kowa ya riga ya ba ni labarinsa, har waɗanda ba su nan.

Abu ɗaya kawai. Shugaban ma'aikatan da suka haƙa ramin ya zo duba ni a asibiti, ya rantse mini cewa sun ɗaura jan ƙyalle a zagaye da wurin. Ja ne, in ji shi, ja jawur, ana hango shi tun daga mahaɗa. Na ce masa Allah ya saka da alheri.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Ana haƙa a waje. Ƙarar diga da shebur, muryoyin maza, wani yana cewa a kawo ruwa. Ina jin bugun farko na tashi. Na rufe taga, na kunna rediyo, na koma bayan gado na zauna a ƙasa kamar wadda ake nema.

Baba Mai Gida ya ƙwanƙwasa sau biyu, yana cewa, "Malama, kina ciki?" Ban amsa ba. Dattijon nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma na kasa buɗe baki.

Sai bayan la'asar suka daina. Ban tambayi kowa me aka haƙa ba, ba na son in sani.

Lahadi, da hantsi

Na ɗauki sanda, na ajiye.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Sati biyu cif.

Shugabar sashenmu ta kira. Ta ce kujerata tana nan, wadda aka ɗora a kai ta wucin gadi ce, amma ta ƙara da cewa, "Kin dai san yadda na sama suke." Na sani.

Abin dariya, wai ni ce mai ɗaukar wayar koke a kamfanin ruwa. Shekara tara ina zaune da abin ji a kunne, mutane suna kira suna cewa an haƙa rami a layinsu an tafi an bar shi a buɗe, ni kuma ina cewa, "A yi haƙuri, za a turo ma'aikata." Na faɗi maganar nan ta fi sau dubu, da murya mai daɗi kuwa, har yabo aka taɓa ba ni a kanta.

Don kada in manta, bari in rubuta hanyata kamar yadda take a kaina.

Daga ƙofar ɗaki taku tara zuwa ƙofar gida, wadda ke kuka kamar tsohuwar akuya in an tura ta. In juya hagu, in bi katanga da sanda. A taku na arba'in akwai kututturen bishiya, sanda ta buge shi, in kauce dama. Daga nan kunnena na kan keken Tela, wanda yake ɗinki a bakin shagonsa. In ƙarar ta dawo bayan kafaɗata, sai murfin kwalbati mai rawa, in taka shi ya ce ƙwal-ƙwal. Sai in miƙe sak in nufi injin ba taya iska na Mai Faci. Daga gabansa taku ashirin da biyu sai tashar bas.

Wurin yana tsakanin Mai Faci da tasha. Sun ce an cike.

Saura kwana goma sha uku.

Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na gwada.

Na yi wanka, na sa takalmin aiki, na ɗauki sanda. Taku tara, na tura ƙofar gida, ta buɗe ba ta ce uffan ba. Na tsaya riƙe da ita ina tunanin ko wani ne ya buɗe mini daga waje. Na ce, "Wa ke nan?" Ba kowa.

Na daure na juya hagu. Katanga tana nan, na ji daɗin wannan. Talatin da takwas, talatin da tara, arba'in. Sanda ta shari iska. Arba'in da ɗaya, da biyu, da uku, babu kututture. Na ce ko gwiwa ce ta rage mini taku, na ƙara biyar. Babu. Ƙasa sumul, kamar ba layinmu ba.

Kuma shiru. Ƙarfe takwas na safe, lokacin da Tela yake taka kekensa kamar ana binsa, ban ji komai ba. Babu inji, babu musu, babu mai cewa "Malama, an fito?" Amma akwai mutane, na rantse akwai. Ina jin numfashi, na ji wani ya gyara zama a kan benci.

Na juya na lallaɓa katanga da hannu har gida, kamar yarinyar da aka fara koya wa sanda.

Juma'a, da safe

Ƙila ƙirgen ne na yi kuskure. Ƙila.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na sake fita da safe. Wannan karon na ƙirga a fili, kowa ya ji, ban damu ba. Arba'in, babu. Na saki katanga na kauce dama duk da haka, na ce ai murfin kwalbati ba ya tashi ya yi tafiya. Na yi ta laluben sa da ƙafa, ko'ina a daɓe, babu abin da ya motsa. Ina cikin haka katanga ta ɓace mini. Ban san gabas ba, ban san yamma ba, a layin da na yi shekara goma sha ɗaya ina bi har da barci a idona.

Wata mata ta kamo hannuna ba ta ce komai ba, ta mayar da ni ƙofar gida. Daga ƙamshin sabulunta na gane matar Tela ce. Ko gaisuwa ba ta yi mini ba, ita da bakinta ba ya rufuwa.

Bari in rubuta abin da nake tsoro, ko zai ragu. Ina jin buguwar nan ta taɓa mini kai. Likita ya tambaye ni ranar nan ko ina manta abubuwa, na ce a'a da gadara. To idan hanyar da ke kaina ce ta goge fa? Idan kunnen ma ya fara tafiya? Ido ya tafi na haƙura, na koyi zama da rashinsa. In kai ya tafi ban san abin da ya rage ba.

Tun da na dawo nake gwada kaina. Na karanto lambobin waya goma sha biyu da ka, duk daidai. Na tafa hannu kusa da kunnen hagu, na tafa kusa da na dama. Ina ji. To me ya sa layin ya mutu?

Ko kuwa fushi suke yi da ni? Ko kunyata suke ji, saboda sun gan ni a yadda suka gan ni, zani a wuya, ina kiran Inna da ta rasu shekara shida?

Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, bayan azahar

Yaya ya zo da kwalaye shida, ya jingine su bayan ƙofa. Ya ce ba wai yana nufin komai ba ne, ya dai same su ne a ofis. Na ce ai kwali ba ya cin abinci, ya bar su.

Ya tambaya, "Kina fita kuwa?"

Na ce, "Ina ɗan taɓawa."

Ya ce, "Auta, ranar nan da aka kira ni, a hanya na yi zaton gawa zan tarar. Ba zan iya sake yin wannan tuƙin ba."

Da faɗa ya yi mini da na san abin da zan ce. Na dafa masa shayi muka sha, kowa da abin da ke cikinsa.

Saura bakwai. Sau uku yau na yi tuntuɓe da kwalayen nan.

Talata, ƙarfe goma

Ban ɗauki sanda ba. Ban yi wanka ba. Rediyo.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Tela ya zo. Ya kawo jakata ta aiki, wadda hannunta ya tsinke ranar nan, ya ɗinke ta. Ya tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa, sai ya ce, da muryar wanda ya daɗe yana jiran a yaba masa:

"Malama, ya kika ji hanyar taki yanzu?"

Na ce, "Wace hanya?"

"Au, Baba bai gaya miki ba? Ai Asabar ɗin waccan duk layi muka fito. Baba ya ce abin da ya same ki a gabanmu abin kunya ne gare mu, ba za a sake ba. Kututturen nan da kullum sandarki ke karo da shi, mun tone shi, mu huɗu, sai da muka yi gumi. Murfin kwalbatin nan mai rawa mun zuba masa siminti. Ƙofa ma an sa mata mai. Yanzu ko ƙwai kika gangara zai kai tasha bai fashe ba."

Na riƙe bakin ƙofa. Na ce, "Shirun fa?"

Ya yi dariya. "Kin lura ashe. Shawarar Mai Faci ce. Ya ce ranar nan injinsa ne ya hana ki jin ihun da aka yi miki. Tun ranar bai yafe wa kansa ba. To muka ce in dai kin fito, kowa ya tsayar da abin da yake yi, a kama baki, don ki ji mota, ki ji komai. Ni da na hango ƙofa ta buɗe nake ɗage ƙafa daga keke. Matata ce ma ta fi shan wuya."

Na ce, "Allah ya saka muku da alheri."

Ya ce, "Haba, ai yi wa kai ne."

Da ya tafi na zauna a kan kwali na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Kaina lafiya lau. Kunnena lafiya lau. Ana cewa garin neman gira a rasa ido, to ni da ba ni da idon da za a rasa, sai suka haɗa suka tone mini wanda na ƙera da kaina.

Alhamis, da hantsi

Jiya sauƙi na ji. Yau haushi ne ya cika ni, har abinci na kasa ci.

Mutum nawa ne a layin nan? Ba wanda ya ce bari a tambaye ta. Shekara goma sha ɗaya suna kallona ina bugun kututturen nan kowace safiya, ashe tausayina suke ji, ni kuwa gaisawa muke yi da shi.

Amma Baba ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ni ce na ɓuya bayan gado.

Kuma ta yaya zan faɗa? Mutane sun bar sana'arsu yini guda, dattijo mai ciwon baya ya riƙe shebur saboda ni. In fito in ce kun ɓata? Kututture dai ba ya komawa.

Ga wani abu da ban so in rubuta ba. Da na ɗauka kaina ne ya taɓu, ina da hujjar zama. Yanzu babu. Saura ni da wurin nan da ke tsakanin Mai Faci da tasha.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Na tarar da Baba a tsakar gida yana gyaran famfo. Na shirya maganata tun asuba, na jera ta tsaf.

Na ce, "Baba, sannunku da aiki. Na ji abin da kuka yi."

Ya ce, "Kayya, 'yata, ai mun makara. Ihu ne bayan hari. Da mun yi tun da, da ba ki sha wannan wuya ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Haka ne, Baba. Abin da na iya ke nan. Ni da ke sa manyan mutane su yi laushi a waya.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya kira, gobe ƙarfe tara zai iso, ya samo motar ɗaukar kaya. Na sa kofuna a kwali ɗaya, na fito da su. Na goge rigar aiki.

Ina tsoro. Ina tsoro ƙwarai.

Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata

Na sa takalmi. Idan wannan ne layi na ƙarshe da na rubuta a ɗakin nan, to a sani na sa takalmi.

Litinin, ƙarfe ɗaya, lokacin hutu

A kan teburina nake rubuta wannan.

Ƙofa ta buɗe shiru. Ina jin keken Tela daga nesa, ina sa ƙafa waje ya ɗauke. Injin Mai Faci ya yi tari ya mutu. Na bi katanga, na ƙirga arba'in, na tsaya.

Na ce, "Tela, kana nan?"

Ya amsa a hankali, kamar a gidan makoki, "Ina nan, Malama."

"Don Allah taka kekenka."

"Na'am?"

"Taka shi. Da ƙararsa nake sanin inda nake. Kai ma Mai Faci, tayar da injin nan. Ku yi surutunku kamar yadda kuka saba, ku yi musunku, da shi nake tafiya. Kun yi shiru kun kashe mini fitila."

Ban san na ɗaga murya haka ba. Ba wanda ya motsa. Sai matar Tela ta ce, "Ai na faɗa muku, kuka ce in rufe baki." Tela ya ce yaushe ta faɗa, ta ce tun ranar farko, suka kaure. Keke ya tashi. Na sa shi a kunnen hagu, na bar shi ya koma bayan kafaɗa, na nufi inji.

A gaban Mai Faci na tsaya cak. Taku ashirin da biyu ne kawai, na san an cike, mutum goma sun gaya mini an cike. Jikina bai yarda ba. Na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancina kamar ranar nan.

Mai Faci ya matso. Ya ce, "Malama, kawo hannunki."

Na ce, "Kar ka riƙe ni. In ka riƙe ni yau, gobe ma sai ka riƙe ni. Je ka tsaya a tasha ka yi ta magana."

"In ce me?"

"Ko me."

Bawan Allah ya je ya tsaya, ya rasa abin faɗa, sai ya fara ba ni labarin wata taya da aka kawo masa da ƙusa bakwai a jikinta. Na riƙa bugun ƙasa da sanda sau uku kafin kowane taku. A na goma ƙasar ta sauya, ta yi laushi, sabon ciko. Na tsaya a kai. Ban san tsawon lokacin ba, bas biyu dai sun wuce, shi kuma ya kai ƙusa ta bakwai ya koma ta farko. Bas ta uku na shiga.

Na makara da minti hamsin. Shugaba ta ja mini kujera.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna Yaya ya kira.

"Auta, muna ƙofarki, buɗe mana."

"Ina wurin aiki, Yaya."

Ya ce, "Wa ya kai ki?"

"Ba kowa."

Na ji ya ce wa direba ya kashe mota. Sannan ya ce, "To bari in zo in ɗauke ki in an tashi. Yau kaɗai."

Na so in ce to. Wallahi saura ƙiris. Na ce, "A'a, Yaya. Zan kira ka in na isa."

Da na ajiye wayar na shiga banɗaki na yi amai.

Ƙarfe biyar ake tashi. Kafin bas ta sauke ni Mai Faci ya rufe, Tela kuma yakan shigar da kekensa ciki. Daga tasha ciko ne farkon abin da zan taka, kuma ba mai ba ni labarin taya. Ban san da me zan gane ƙofarmu ba.

Saura awa huɗu. Da ƙafata zan koma.